Ƙaramin jirgina yana tsayawa, taragai suna sauka daga dogo: me zan fara gyarawa?

Wani ɗan'uwa da bai daɗe da shiga harkar haɗa ƙananan layukan dogo ba ya kawo tambaya. Ya sayi jirgi na ma'aunin HO, wato wanda aka rage girman jirgin ainihi sau 87, irin wanda ke zuwa cikin kwali ɗaya da dogonsa da na'urar ba shi wuta. Ya shimfiɗa shi a tebur mai tsawon santimita 244 da faɗin 122, ya ƙara taragai da mararraba biyu, wato guntayen da ke raba dogo gida biyu. Bayan ƙarin nan abin ya tsananta: injin yakan tsaya cik sai an zungure shi da yatsa, taragai kuma suna yawan sauka daga dogo. Da ya nemi shawarar tsofaffin hannu, wani ya ce ya koma tsarin DCC, mai aika wa kowane inji nasa umarnin ta cikin wutar dogo, wani ya ce injin ne ba shi da inganci, wani kuma ya ce HO ya yi wa wurinsa girma, ya sayar ya koma ma'aunin N, wanda ya fi HO ƙanƙanta. Yana son ya san wacce zai ɗauka.

Malam, ka riƙe kuɗinka tukuna. Duk mutum ukun nan ba ƙarya suka faɗa maka ba, sai dai kowannensu abin da ya gyara masa nasa teburin yake ba ka labari, ba abin da ke damun naka ba. Haka hirar masu wannan sha'awa take. Wanda ya ji daɗin DCC ba ya ganin wata cuta da DCC ba ta warkarwa, mai N kuma har abada yana mamakin masu ɓata wuri da HO. Abin da ka kwatanta matsala biyu ce daban-daban, kuma dukkansu a ƙasa suke, wato a dogo da waya da ƙafafun jirgi. Ko injin da ya fi kowanne tsada ka ɗora a kan dogon da ba a shimfiɗa daidai ba, a daidai inda wancan ya tsaya shi ma zai tsaya.

Mu fara da tsayawar. Injin nan daga dogo yake shan wuta: ƙarfen dama waya ɗaya ne, na hagu waya ta biyu. Wutar tana bi ta ƙafafunsa, ta shiga wasu siraran ƙarafa da ke goga bayan ƙafafun, sannan ta isa moto. Inda ƙafa ke taɓa dogo bai fi kan allura ba, don haka ɗan datti kaɗan ya isa ya yanke hanyar. Ka rage hasken ɗakin, ka tafiyar da injin a hankali, ka zuba wa fitilarsa ido. In tana ƙyaf-ƙyaf ko'ina a zagayen, datti ne, ko a dogo ko a ƙafafu. In kuwa lafiya lau take sai an zo wani wuri ɗaya ta dushe, matsalar wurin ce.

Ka ɗauki farin ƙyalle marar gashi, ka jiƙa da ɗan sifirit, ka goga saman dogon. Za ka ga baƙaƙen layuka biyu sun fito a jikin ƙyallen, ko da kuwa da ido dogon yana sheƙi. Wannan baƙin abu haɗin ƙura ne da mai da ɗan ƙunan da tartsatsin wuta ke bari tsakanin ƙafa da ƙarfe. Kada ka sa samfefa. Tana cire dattin yau, amma tana barin ƙananan zane a saman ƙarfen, cikinsu sabon datti zai zauna, gobe sai ya fi na yau. Ƙafafun inji kuwa, ka shimfiɗa ƙyallen mai laima a kan dogo, ka ɗora rabin ƙafafun a kansa rabi a kan ƙarfe, ka riƙe injin da hannu ka ba shi wuta, su juya su goge kansu, sannan ka juya ɗaya ɓangaren. Ka duba ƙafafun taragai ma, musamman na roba, domin su ne ke kwasar datti suna mayar da shi kan dogon da ka gama gogewa. Daga nan ka kifa injin a kan wani abu mai laushi ka leƙa gindin ƙafafun da matsefata. Sau da yawa gashi ko zare ne ya naɗe a wurin ya ɗaga ƙarfen da ke shan wuta. Mai kuma, ɗigo ɗaya a bakin allura ya isa kowane wuri, kuma ya zama wanda ba ya cin roba. Injin da aka yi wa wanka da mai ya fi wanda aka manta da shi ba da wahala.

In ka goge komai amma jirgin yana rage gudu duk lokacin da ya yi nisa da inda waya ta shiga, to ga inda gizo ke saƙar. Dogon da ke zuwa cikin kwali waya biyu kawai ke ba shi wuta, daga nan sai wutar ta riƙa tsallakawa daga guntu zuwa guntu ta cikin ƙananan ƙarafan da ke haɗa su. Waɗannan mahaɗan aikinsu su riƙe ƙarfe biyu a saiti. Suna saki, suna tsatsa, kowane ɗaya yana cin ɗan abin da ya ci na wutar. Shi kansa ƙarfen dogon na zamani gami ne na jan ƙarfe da nikel da tutiya. An zaɓe shi ne don ba ya saurin dafewa kamar tsohon dogon tagulla, amma wajen ɗaukar wuta bai kama ƙafar wayar jan ƙarfe ba. Maganin shi ne ka ja waya biyu masu kauri a ƙarƙashin tebur, masu milimita 1.5 zuwa 2.5 murabba'i, su bi hanyar dogon. Daga jikinsu ka fitar da siraran wayoyi gajeru, ka huda tebur, ka liƙa su da dalma a gefen waje na ƙarfen dogo, aƙalla kowace mita ɗaya. Ni ra'ayina kowane guntun dogo ya samu tasa wayar, ko da mutane za su ce aikin ya yi yawa. Ka yi amfani da launi biyu, kada ka taɓa sauya su: ja kullum ƙarfen waje, baƙi kullum na ciki. Wajen liƙawa ka goge wurin ya yi fes, ƙarfen dalmarka ya yi zafi sosai, ka taɓa ka ɗauke cikin daƙiƙa biyu ko uku. Ƙarfe mai ɗumi-ɗumi da aka daɗe ana dannawa shi ke narkar da robar da ke riƙe da dogo, tazara ta lalace.

Mararraba tana da nata hali. A tsakiyarta, inda ƙarafa biyu ke gittawa, akwai ɗan wuri mai kama da kan mashi. A mararraba da yawa wurin nan roba ne ko ƙarfe marar wuta, don kada ɓangarori biyu su haɗe. Inji mai tsawo mai ƙafa takwas masu shan wuta ba ya ma sanin ya wuce. Gajeren inji mai ƙafa huɗu kuwa, da ƙafa ɗaya ta hau wurin, ɗaya kuma ta ɗan ɗaga saboda mararrabar ba ta kwanta daidai ba, shi ke nan ya mutu. Saboda haka ne kamfani irin Peco ya fitar da iri biyu, Insulfrog mai wurin da ba wuta da Electrofrog mai wuta, wanda ke bukatar ƙarin aikin waya da mahaɗan roba a bayansa. Kafin ka canza komai, ka ɗora rular ƙarfe a kan mararrabar ka ga ko tsakiyarta ta yi tozo. Ka kuma goge cikin harsunan nan biyu masu motsi, inda suke manne wa ƙarfen gefe, domin a mararraba da yawa ta nan kaɗai wuta ke shiga reshen.

Sauka daga dogo kuwa yana da ƙa'ida ɗaya da za ta rage maka rabin wahala. In taragai daban-daban suna sauka a wuri ɗaya, laifin dogo ne. In tarago ɗaya ke sauka a wurare daban-daban, laifinsa ne. Ka ajiye takarda kusa da tebur, duk wanda ya sauka ka rubuta wane ne, a ina, yana gaba ko yana baya. Kada ka mayar da shi kan dogo ka wuce kawai. Cikin 'yan kwanaki takardar za ta nuna maka mai laifin.

In wurin ne, ka sunkuya ka kawo idonka daidai da saman dogon, ka tura tarago ɗaya da yatsa a hankali ka kalli ƙafar gaba. Za ka ga leɓen ƙafar ya zo bakin mahaɗa, ya ɗan yi tsalle, ya hau saman ƙarfen, ya yi tafiya a kai kamar santimita uku ko biyar kafin ya faɗa waje. Wannan ne ya sa inda tarago ya faɗi ba nan ne wurin ciwon ba, ka koma baya kaɗan. Ka shafa yatsa a kan mahaɗar ta kowane ɓangare. In farcenka ya maƙale, ko dai ƙarfe ɗaya ya hau saman mahaɗar maimakon ya shiga cikinta, wanda shi ne kuskuren da ya fi yawa a dogon kwali, ko kuma bakin ƙarfen yana da ƙaya da ke son ɗan magagari. Ka leƙa kwanar daga ƙarshenta kuma. Kwana mai kyau tana lanƙwasa sumul. In ka ga ɗan gwiwa a mahaɗa, an tilasta wa guntaye ne su haɗu inda lissafinsu bai kai ba, abin da yakan faru daidai lokacin da mutum ya cusa mararraba cikin zagayen da ba a tsara da ita ba. Ina kyautata zaton naka ke nan, tun da ka ce bayan ƙarin mararraba biyu abin ya tsananta. Masu amfani da dogo mai lanƙwasuwa, wanda ke zuwa da tsawon kusan santimita 91, su haɗa guntaye biyu da dalma tun suna miƙe, sannan su lanƙwasa. In aka lanƙwasa kafin a haɗa, gwiwa ba makawa.

Akwai kuma kwana biyu masu bin juna, ɗaya dama ɗaya hagu, ba miƙaƙƙen dogo a tsakani. Ƙarshen tarago na gaba yana leƙawa dama, na bayansa yana leƙawa hagu, ƙugiyar da ke haɗa su ta ja ɗaya ta fitar. A sa miƙaƙƙen guntu tsakani wanda ya kai tsawon taragon da ya fi kowanne tsawo. Mararrabar da aka ɗora nan take bayan kwana, reshenta yana juyawa ɗaya gefen, ita ma wannan tarkon ce, kuma ba kowa ke lura ba.

Girman kwanar kansa yana da iyaka. Dogon kwali na HO yawanci kwanarsa inci 18 ce daga tsakiyar da'ira, kusan santimita 46. Taragon kaya na ainihi mai tsawon mita 12, in aka rage shi sau 87, yana komawa santimita 14, kuma yana wuce wannan kwana ba gardama. Taragon fasinja mai mita 26 kuwa yana komawa santimita 30, wannan kwanar ta yi masa matsi. A faɗin teburinka mafi girman da za ka iya sawa ita ce ta inci 22, wadda da'irarta ke cin santimita 112, ta bar maka ɗan gefe kaɗan. Don haka in cikin taragan da ka ƙara akwai dogaye, ba su lalace ba, wurin ne bai dace da su ba.

In kuma takardarka ta nuna tarago ɗaya ne, abu huɗu ake dubawa, kuma na farko shi ne tazarar ƙafafu. Faɗin dogon HO milimita 16.5 ne, tazarar bayan ƙafa zuwa bayan ƙafa kuma kusan milimita 14.5. In ta ragu ko ta ƙaru da rabin milimita, a miƙaƙƙen dogo ba za ka gani ba, sai an zo mararraba. Ƙungiyar NMRA, wadda aka kafa a Amurka a 1935 don a daidaita waɗannan ma'aunai tsakanin kamfanoni, tana da ɗan farantin ƙarfe na awo da ke gwada ƙafa da dogo da mararraba duka. In akwai abin da zan ce ka saya yau, shi ne wannan. Sai nauyi. Shawarar ƙungiyar ga HO ita ce oza ɗaya, a ƙara rabin oza kan kowane inci na tsawon tarago, wato taragon santimita 14 ya kai giram 105 ko kusa da haka. Taragan kwali da yawa ba su kai ba. Ka manna ɗan ƙarfe a ciki, a ƙasa-ƙasa kuma a tsakiya. Abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne kada su bambanta da yawa: marar nauyi a gaba, masu nauyi a baya, da an shiga kwana sai a fizge shi ciki. Sannan kusoshin da ke riƙe da keken ƙafafu, wato abin nan mai juyawa a ƙarƙashin tarago da ƙafafun ke jikinsa. Ɗaya a ɗaure ta yadda keken zai juya amma ba zai yi rawa ba, ɗaya a sassauta ya iya ɗan karkata, ta haka taragon zai bi ƙananan tudun dogo ba tare da ƙafa ta ɗaga ba. Na ƙarshe ƙugiya. Irin ta kamfanin Kadee da masu kama da ita suna da ɗan lanƙwasasshen ƙarfe da ke rataye a ƙasa don maganaɗisu ya buɗe su. In ƙugiyar ta sunkuya, wannan ƙarfe yana karo da ƙarafan mararraba, ka ji ƙas, tarago ya yi sama. Taragan da ƙugiyarsu ke jikin keken ƙafafu maimakon jikin gangar taragon suna tafiya lafiya in ana jan su, amma suna yawan sauka in ana tura su da baya, domin ƙarfin turawar yana murɗa keken.

Wani abu da masu sayen kayan hannu ke faɗawa ciki: ba duk abin da aka rubuta wa HO ke zama a dogo ɗaya ba. Tsarin Märklin na Jamus yana shan wuta ta wasu ƙananan ƙusoshi a tsakiyar dogo, ƙafafun taragansa kuma ba a raba dama da hagu ba, don haka in ka ɗora ɗaya a dogonka wuta za ta haɗe nan take. Kayan OO na Birtaniya suna hawa dogon milimita 16.5 ɗin nan, amma jikinsu an rage shi sau 76 ne, sun fi na HO girma, ƙugiyarsu ma daban.

Ka duba gudunka kuma. Jirgin da ke kilomita 80 a awa, a ma'aunin HO santimita 25 yake ci a daƙiƙa, wato ya ɗauki kusan daƙiƙa goma kafin ya ratsa tsawon teburinka. Yawancin sababbin shiga suna ninka wannan sau biyu ko uku ba su sani ba.

Yanzu ga shawarwarin da aka ba ka. DCC abu ne mai kyau, ni ma shi nake so. A tsarin da kake kai, ƙarfin wutar dogo ne ke tashi daga sifiri zuwa kusan bolt 12, duk injin da ke kan dogon kuma yana amsawa lokaci ɗaya. A DCC, wanda ya samo asali daga aikin kamfanin Lenz na Jamus kafin NMRA ta mayar da shi ma'aunin kowa a shekarun 1990, wuta tana kan dogo kullum, umarni yana tafiya cikinta, kowane inji yana da ɗan dikoda, wato abin karɓar umarnin, mai lambarsa (sababbi da lamba 3 suke zuwa). Da shi za ka tuƙa inji biyu ko uku a dogo ɗaya, ka kunna fitila, ka sa ƙara. Amma ka lura, umarnin ta hanyar da wutar ke bi yake bi. Dogon da ke yanke wuta zai yanke umarni, injin mai ƙara kuma duk lokacin da wuta ta ɗauke sai ya yi shiru ya sake tada kansa daga farko, abin ya fi na da ban haushi. Akwai kafasito, wato ɗan ma'ajin wuta, da ake ƙara wa dikoda ya riƙe inji na ɗan lokaci, yana taimakon gajerun injina a mararraba, amma ba madadin waya ba ne. Wutar DCC tana da ƙarfi kuma, amfiya biyu zuwa biyar. In wayarka ba ta da kyau, wuta ta haɗe a can nesa, na'urar ba za ta ji ba balle ta yanke, sai ƙafar tarago ta yi zafi roba ta narke. Shi ya sa masu DCC ke ɗora kwabo a kan ƙarafan dogo biyu a wurare daban-daban: in na'urar ba ta yanke nan take ba, wurin yana son ƙarin waya. Wayar da na ce ka ja yanzu ita ce dai DCC zai nema, don haka ba asara. Ranar da ka sayi inji na biyu kana son su yi aiki tare, ranar ce ta DCC.

Maganar sabon inji gajera ce. Ka ari na wani wanda aka san lafiyarsa ƙalau, ka ɗora a dogonka. In ya tsaya inda naka ke tsayawa, an wanke naka. Ka kai naka teburin wani kuma. In can ma yana shaƙewa bayan ka goge shi, to sai a yi zancen canji, ka nemi mai shan wuta ta duk ƙafafunsa, mai kuma dunƙulen ƙarfe a jikin moto da ke ci gaba da juyawa ya tsallakar da shi ɗan wurin da ba wuta.

Mai cewa ka koma N yana da hujja ta fuskar wuri. N ragi ne sau 160 a kan dogo mai milimita 9, kusan rabin HO a tsawo, don haka teburinka zai ɗauki dogayen jirage da kwanoni masu faɗi. Amma injin N ya fi sauƙin nauyi, inda ƙafarsa ke taɓa dogo ya fi ƙanƙanta, dattin da HO zai taka ya wuce shi zai tsayar da shi, kuskuren rabin milimita kuma a wurinsa babba ne. Wanda bai iya shimfiɗa dogon HO ba tukuna, N ba zai yi masa sauƙi ba. In dogayen jiragen fasinja ne burinka, ka koma N don wannan dalilin. In kuwa HO ɗin kake so, abin da zan fi duba shi ne siffar teburin. Faɗin santimita 122 yana bukatar hanya ta kowane gefe, domin hannu ba ya aiki da kyau fiye da santimita 60 zuwa 70, ga shi kusan duk dogon kwana ne. Kanta mai faɗin santimita 30 zuwa 45 a jikin bango takan ba da aikin yi fiye da zagaye. Akwai tsarin Inglenook na Alan Wright ɗan Birtaniya: rassa uku masu ɗaukar tarago 5 da 3 da 3, taragai 8, a ce ka haɗa jirgi mai tarago 5 a jeren da ƙuri'a ta fitar. Jeren da zai iya fitowa 6,720 ne, mararraba biyu kacal yake ci, irin adadin da kake da shi, tsawonsa kuma bai wuce mita biyu ba da gajerun taragai. Tun da a hankali ake tuƙi kuma rabin aikin da baya ne, duk wani aibi na dogo ko ƙugiya sai ya fito fili.

In ka tsaya a teburin, kada ka yi saurin sa gada. Kafin dogo ya haye wani a HO yana bukatar tashi kusan santimita 8 ko 9. A hawa na kashi 2 cikin 100, wanda shi ne injina ke ja ba wahala, wannan mita huɗu ne ko fiye na hawa, da wasu huɗun na sauka. A teburinka sai an kai kashi 4, a cikin kwana kuma, inda injin zai riƙa jan rabin abin da ya saba.

Tsakuwar da ake zubawa a gefen dogo da gam ita ce aikin ƙarshe, domin da ta bushe gyara ya zama fasawa. Kafin ka kai can, ka bar ɗan tsaga kamar kaurin kati a wasu mahaɗan miƙaƙƙen dogo, kada ka liƙe su duka da dalma, saboda katako yana kumbura yana tsukewa da sauyin laima, dogon da ba shi da wurin motsi kuma sai ya yi baka. Sannan ka gwada: inji shi kaɗai a mafi ƙarancin gudu, gaba da baya, ta kowane reshe, sai da taragai yana ja, sai yana tura su duka da baya ta cikin mararraba biyun. Ka bar shi haka 'yan makonni kana wasa da shi. In takardar nan ta daina samun sabon rubutu, ka zuba tsakuwa, ka jiƙa ta da ruwa mai ɗigon sabulu, ka ɗiga farin gam da aka sirka rabi da rabi da ruwa, ka kuma nisanta shi daga harsunan mararraba, kana motsa su lokaci-lokaci har gam ɗin ya bushe.